Rabin aikin haɗa giya ashe wanke-wanke ne

Aiki ya kai ni wani ɗan ƙaramin gari, na tarar an buɗe sabon gidan haɗa giya irin ƙananan nan da mutum biyu ko uku ke riƙewa, ba na manyan kamfanoni ba. Ni dai ba sha nake ba, son ganin ƙwaf ne ya shigar da ni, mai wurin kuwa da ya ga ina ta tambaya sai ya ce in biyo shi ciki.

Kayan haɗin huɗu ne kacal, ruwa da sha'ir da yis da wani fure mai ɗaci da suke ce wa hofs. Sha'ir ɗin sai an jiƙa shi ya yi tsiro an busar da shi da zafi, su saya suke a buhu an riga an gama wannan. Sai su ɓarza shi sama-sama kar ya zama gari, su zuba a tanki da ruwa mai zafin wajen digiri 65 ya yi kamar awa ɗaya, a nan sitacin ke juyewa ya zama suga. Ya ce in zafin ya ɗan haura giyar za ta fito da kauri da zaƙi, in ya sauka ta fito ba nauyi, shi ya sa idonsa ba ya barin ma'aunin zafi ko muna magana. Daga nan a tace a tafasa, hofs ɗin da aka zuba da wuri shi ke kawo ɗaci, na dab da saukewa kuma ƙamshi.

Inda na fi daɗewa wajen tankunan yis ne. An huce ruwan da sauri an zuba yis an rufe, ba abin gani sai wani tiyo da aka tsoma bakinsa a bokitin ruwa yana ta ɓul-ɓul, iskar da yis ke fitarwa kenan yana cin suga. Irin giyar da ake ce wa el a wajen digiri 18 zuwa 22 take, sati ɗaya ko biyu ta kai, wadda ake ce wa laga kuwa sanyi take so kuma sai an yi makonni ana jira, shi ya sa ƙaramin wuri mai tanki kaɗan ya fi yin el. Abin dariya, dokar giya ta Bavariya a Jamus ta 1516, wadda ta lissafa kayan da za a haɗa giya da su, ko ambaton yis ba ta yi ba.

Amma fa abin da na fi gani da idona wanki ne, yaron wurin tun shigata yake kwance bututu yana gogewa yana fesa magani, don ƙwayar cuta kaɗan in ta shiga tanki guda zai yi tsami a zubar. A ganina duk mai wurin da ke alfahari da sabon ɗanɗano alhali ƙasan ɗakinsa na danƙo, kar ma a saurare shi.

Dusar da ta rage ma ba a zubarwa, wani mai shanu ne ke zuwa da mota ya kwashe tun da ɗuminta, don ba ta jimawa take fara wari.