Godiya bayan dawowarmu daga Ludhiana

Alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i muka iso gida Zariya daga Ludhiana ta ƙasar Indiya, ni da ɗana. Yana dogara sanduna biyu, amma da ƙafarsa ya tsallake dokin ƙofa. Mahaifiyarsa ko sannu da zuwa ta kasa cewa, sai shafa masa gwiwa take yi. Kun san yadda ya ji rauni a gwiwa a filin ƙwallon kwando can inda yake karatu, kun san yadda tiyatar da aka ce ta kwana uku ce ta zama jinyar kwana 41. Ba zan maimaita ba, ba ni ma da ƙarfin maimaitawa. Saƙonninku na nan jibge a waya ban buɗe ba, a yi mini uzuri.

Akwai mutum guda da ya hana ni rubuta sunansa, na kuma yi masa alkawari. Zan kira shi yadda yaran ƙungiyar ke kiransa, Sardarji. Shi ne kocinsu.

Daren da na sauka Delhi, mota ta yi sa'o'i tana rarrafe da ni cikin hazon Janairu, ko fitilar motar gabanmu ba a gani sosai. Kafin in isa asibiti wani gudan jini ya riga ya kai masa huhu, an shigar da yaron ɗakin kulawa ta musamman. Ta gilashi kawai na hango shi. Wayata ta mutu, ba layi, ba caji. Na tambayi wani mai shara ina ne gabas, ya nuna mini, na shimfiɗa darduma a lungun baranda. Ina shirin tayar da kabbara sai na ji hannu a kafaɗata. Dattijo ne dogo, rawani shuɗi, gemu fari fat, da awarwaron ƙarfe a hannun dama. Ya ce, "Bhai sahab, Makka tana nan," ya juya ni yamma. Ni da na yi shekara 30 ina koyar da labarin ƙasa! Tsoro ya mantar da ni cewa na wuce Makka tun a sama. Ya tsaya a bayana yana tare masu wucewa har na sallame.

Ban san shi ne kocin ba sai daga baya. Da guntun Turancinsa da ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai ina saurayi, haka muka kwana zaune. Na tambaye shi ina ya san alƙibla. Ya ce lokacin da yake buga wa ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ya daɗe yana kwana ɗaki ɗaya da musulmi 'yan Nagpada, wata unguwa a Mumbai da ta shahara da ƙwallon kwando. Daga nan Abbas Moontasir ya fito, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Indiya, aka kuma ba shi lambar yabo ta Arjuna a 1970. A ƙasarsu, in ji shi, ɗan talakan da ke wannan wasa burinsa ya samu aiki ta dalilinsa, ko a jirgin ƙasa, ko ɗan sanda, ko soja, ko banki, don kuɗi da suna na 'yan kurket ne. Shi Sardarji tikitin jirgi yake dubawa da rana, da yamma ya sa takalmin wasa.

Yana ɗan shekara 20 Indiya ta je wasannin Olympics na Mosko a 1980, bayan Amurka da wasu ƙasashe sun ƙaurace. Wasa 7 suka yi, duka aka ci su, suka zo na 12 cikin 12, kuma har yau ba su sake zuwa ba. Amma da zai faɗi yadda Ajmer Singh ya yi ta zuba ƙwallo a raga a gasar, sai da ya miƙe tsaye yana gwada mini, a tsakar dare, a barandar asibiti. Shi ma Sardarji ya so ya sa rigar ƙasar, Allah bai yi ba. Nan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini tabo, dogo kamar an tsaga rake, a gwiwar hagu irin ta ɗana. Ya ce a zamaninsu in jijiyar gwiwa ta tsinke, shi ke nan, wasa ya ƙare. Ya yi shekara yana jin haushin duniya, sannan ya tafi cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Patiala ya yi kwas ɗin horarwa.

Ya kawo mini labarin marigayi Subramanian, mutumin Tamil Nadu da ya horar da yaran ƙauye a makarantar ƙwallon kwando ta Ludhiana. Ta hannunsa Satnam Singh ya biyo, mai tsawon ƙafa 7 da inci 2, wanda ƙungiyar Dallas Mavericks ta zaɓa a 2015, ɗan Indiya na farko da aka zaɓa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Malamin ya rasu tun 2013, bai ga ranar ba. Sai daga baya na gane ba hira ce ta dami Sardarji ba, so yake kada in kalli ƙofar ɗakin da yaron ke ciki. Duk sanda ta motsa sai ya ƙara murya.

Da asuba likita ta fito ta ce numfashi ya daidaita. Ni ban yi kuka ba tukun, Sardarji ya riga ni.

Daga ranar kullum sai ya zo da gurasa da miyar wake daga gurdwara, wurin ibadarsu da ake ciyar da kowa kyauta. Ya ce in ci hankali kwance, ba nama a ciki. Allah ya saka masa, ya raya masa jikoki, ya ba shi lafiyar gwiwar nan, ya haɗa shi da dukkan alheri.

Yaranmu ɗalibai na Jalandhar da Ludhiana da suka raba kwana a tsakaninsu, musamman ɗan Katsinan da ya ba ni rigar sanyinsa ya koma ɗaki da 'yar shara, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama lafiya, ya jiƙan magabatanku. Gwaggo ta Tudun Wada, na ji labarin awakin da kika sayar. Kin ce kada a faɗa, na faɗa, ki yafe mini. Liman da jama'ar masallacin layinmu, tsofaffin ɗalibaina da suka haɗa kuɗin jirgi cikin kwana biyu, Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya tsare ku da tsayuwa bayan irin wannan gilashi.

Waɗanda kuma muka haɗa kaka da su, da abin da ya iso kunnena daga gare su shi ne "karatu aka tura shi ko ƙwallo?", na ji. Lambata ba ta canza ba.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar. Da safe yana motsa ƙafa, Sardarji ya rubuto mana jadawali da hannunsa, kuma ya ce ƙarfe 7 agogonmu zai riƙa kira ya ji ko an yi.