Altanetar 504 ɗina lafiyarta lau, tsatsa ce ta cinye mini batir

Har yau in na tuna batirin nan raina sai ya ɓaci. Sabo ne fil, amma kafin a je ko'ina ya kumbura, ruwansa ya ƙafe, mota ta cika da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayayen fitila kuwa mutuwa kawai suke yi, musamman in na taka mota da dare.

Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, gadon mahaifina, ba na son kowane hannu ya taɓa ta. Rewayan da na fara kai wa ko mitar auna wuta bai ɗauko ba. Ya leƙa cikin bonet, ya ce, "Alhaji, altaneta ce, a canja kawai." Altaneta ita ce ke cajin batir in mota tana aiki. Aka canja ta, aka canja batir. Wari ya dawo. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: an sa sabon batir a motar da ba a auna wutarta ba.

Wani dattijon rewaya ne ya warware mini. Ya ɗora mita a kan batir, ya ce in taka totur. Wuta ta haura bolt 16, alhali lafiyayyen caji tsakanin 13.8 ne da 14.4. Na ce, "Baba, ko regileta ce ta mutu?" Ya ce in dakata. A irin wannan tsohuwar mota regileta, wato mai daidaita wutar da altaneta ke bayarwa, ba a cikin altaneta take ba, daban take, ɗaure a jikin bodi, kuma ta wurin ɗaurin take samun hanyar komawar wuta. Ya sa bakin mita ɗaya a negatif ɗin batir, ɗayan a jikin regileta. Kamata ya yi a ga kusan sifili, sai ga fiye da bolt 1.

Tsatsa ce ta cika ƙarƙashin sukurorin. Saboda haka regileta tana ganin wuta ƙasa da yadda take, sai ta yi ta umartar altaneta ta ƙara, batir kuma yana dahuwa. Ya kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya shafa giris, ya ja wata waya daga jikin regileta zuwa altaneta. Ya kuma duba wayar da ke fitowa daga makunni, don ita ma in tana zubar da wuta cutar ɗaya ce. Muka tayar, mita ta tsaya a 14.2.

Ga tsohuwar altanetata can a gida, ba abin da ya same ta. Ruwan batirin da ya yi ta tofarwa kuma ya cinye mazaunin batir, yanzu sai na nemi mai walda ya sake mini shi.