Harajin Kaduna: a Lugard Hall ake yanka, a kasuwa ake jin zafin

Duk lokacin da aka ce majalisar dokokin jiha na zama kan dokar haraji, yawancin 'yan kasuwarmu ba su ma san ana yi ba. 'Yan majalisa 34 ne a Lugard Hall, wato ginin majalisar da ke Kaduna, su za su yi wa ƙudiri karatu na ɗaya da na biyu, su tura wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo a yi karatu na uku gwamna ya sa hannu shi ke nan ta zama doka. To wannan zaman jin ra'ayin shi ne wurin da ya kamata mai shago ya buɗe baki, amma da safe ake yinsa ranar aiki, da Turanci, takardun ma da Turanci, wa zai rufe shagonsa a Kasuwar Gumi ko Panteka ya je ya zauna yana sauraron lauyoyi? Sai manyan kamfanoni da ƙungiyoyin masu masana'antu su turo wakilai da takardarsu a rubuce, mai tireda da tela da mai POS kuwa sai dai su ga takardar biya ta iso.

A gaskiya dokar da majalisar ta yi a 2016 lokacin El-Rufai ba laifi a takarda. Ta tattara haraji wuri guda a hannun hukumar tara harajin jihar, wato KADIRS, har da kuɗaɗen da ƙananan hukumomi 23 ke karɓa a da, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, sai ta banki ko ta na'ura. A 2020 aka sake yi mata kwaskwarima. Kuɗin shigar jihar ya tashi sosai, a 2022 ya haura naira biliyan 58, abin da gwamnati ta dinga tinƙaho da shi kenan. Amma ni abin da nake tambaya, bayan an zartar da doka waye a majalisar ke komawa kasuwa ya ga yadda ake aiki da ita? Don ƙanina yana da ɗan shagon gyaran waya, kuma har yanzu wasu kan zo masa da riga mai tambari da ɗan littafin tikiti, wannan ya ce kuɗin shara, wancan ya ce kuɗin allon talla, in ya ce a ba shi lambar asusun gwamnati sai a fara "Malam kar ka ɓata mana lokaci, ko mu garƙame shagon". Shi kuma da a rufe masa shago ranar ciniki gara ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuɗin da wallahi ban jin yana isa baitulmali.

Kuma fa harajin jiha ba shi kaɗai ke kan ɗan kasuwa ba. Harajin sayen kaya na tarayya, wato VAT, ya koma kashi 7.5 tun 2020, an cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin dakon kaya daga Legas ko Kano ya yi tashin gwauron zabi, ga man janareto, ga haya. Waɗanda aka rushe musu shaguna a Kasuwar Barci a 2020 wasunsu jarin ma bai dawo ba balle a yi maganar riba. Idan za a yanka wa irin waɗannan haraji ta hanyar ƙiyasi tunda ba su da littafin lissafi, to a ƙiyasin nan rigimar take, kuma adadin yana can ƙarshen doka cikin jadawali inda ba mai karantawa, honarabul da yawa ma ina kyautata zaton ba su leƙa shi.

Na san me za a ce, jiha na da bashi. Gwamna Uba Sani da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, majalisa har kwamitin bincike ta kafa a kai, an yi ta hayaniya a rediyo wata da watanni. To irin wannan zafin nake so in gani a kan tikitin bogi, ba a kan rigimar manya kawai ba. Su kuma shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da ba a ganinsu sai lokacin zaɓe ko rabon shaguna, aikinsu ne su nemi kwafin ƙudiri tun kafin karatu na biyu, a fassara jadawalin da Hausa a manna a ƙofar kasuwa. Yanzu da sabbin dokokin harajin tarayya da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, dole jihohi su daidaita nasu, wato maganar ba ta ƙare a Lugard Hall ba. Ɗan majalisar mazaɓarku yana da ofis kuma yana da waya, ku tambaye shi nawa aka rubuta wa shago irin naku a jadawalin.