Talata a Kantin Kwari: fayil ɗin ciniki ya fara tafiya da kansa

Bayan sallar isha'i nake rubuta wannan, idona har yanzu yana yaji saboda ƙurar hunturu da kallon allon kwamfuta. Ƙarfe takwas na safe na hau Adaidaita Sahu daga Gyaɗi-gyaɗi, ban isa Kwari ba sai wajen tara, lokacin ana ta sauke dilolin atamfa da shadda.

Alhaji, wanda na je yi wa aikin kwamfuta, yana da shago uku. Kowace yamma kwamfutar babban shagon tana fitar da fayil ɗaya: abin da aka sayar, abin da ya rage a sito, sai sunayen masu bashi da lambobin wayarsu da nawa ake bin kowa. Fayil ɗin zai tafi wata saba, wato kwamfutar ajiya a intanet, da Alhaji yake haya, inda akantansa yake dubawa. Da na buɗe rubutaccen umarnin da aka daɗe ana amfani da shi, sai gabana ya faɗi. Da FTP ake turawa, kuma ga kalmar sirri nan a rubuce ƙarara a layi na uku. FTP tsohon tsarin tura fayil ne, tun 1971 aka fito da shi, zamanin da masu amfani da hanyar sadarwar kwamfuta ba su da yawa kuma sun san juna. Ba ya ɓoye komai. Suna, kalmar sirri, abin da ke cikin fayil, duk tsirara suke tafiya, wanda ya samu shiga tsakani zai karanta.

Da na yi wa Alhaji bayani, sai ya ce, "To Malam, a riƙa turawa ta WhatsApp mana, yara su yi da hannu." Na ce, "Ranka ya daɗe, yaro zai manta, ko ya tura wa wanda bai dace ba. Kuma wannan sirrin mutane ne. Akwai mai bashin da ko matarsa ba ta san ana binsa ba." Ya yi shiru, ya gyaɗa kai. Na ƙara masa da cewa tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, amma na lura maganar amana ce ta fi shigarsa. Ni ma ita ce ta fi damuna.

Sai na koma SFTP, tsarin tura fayil da yake bi ta cikin SSH, hanyar da ke ɓoye duk abin da ya bi ta cikinta, ta ƙofar sadarwa ta 22. Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro SSH a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu, matsala irin tamu ke nan. Na buɗe asusu na musamman a kwamfutar shagon wanda ba shi da wani aiki sai turawa, na yanka masa makulli irin Ed25519 da manhajar ssh-keygen, wanda zai maye gurbin kalmar sirri. Makullin biyu ne: na sirri yana zama a shago ba ya fita ko'ina, na fili kuma shi ake ajiyewa a saba.

A nan na daɗe ina tunani. Aikin da zai tashi da kansa babu mutum a gabansa da zai buga kalmar buɗe makulli, don haka dole makullin ya zauna a buɗe. Idan aka ɗauke kwamfutar fa? Abin da na yi shi ne na rage wa makullin ƙarfi har ya zama ko an sace shi ba zai yi ɓarna mai yawa ba. A saba na killace asusun cikin jaka ɗaya tak, ba ya iya leƙa ta wani, ba ya iya ba da umarni, ajiye fayil kawai. A shago kuma na sa wa makullin izini 600, wato mai asusun kaɗai ke iya karanta shi. Kamar ka ba ɗan dako makullin ɗakin ajiye kaya ne, ka riƙe na akwatin kuɗi.

Haɗuwar farko, SSH yakan nuna zanen yatsan saba, wato jerin haruffan da ke shaida ita ce, ya tambaya ko ka yarda. Na ga masu aiki da yawa suna kashe wannan binciken gaba ɗaya don kada ya tsayar musu da aiki. Ban yarda da haka ba ko kaɗan, domin shi ne kaɗai yake tabbatar maka cewa sabarka kake ba wa kaya. Na shiga sabar ta wata hanya, na fito da zanen, na gwada harafi da harafi kafin na amsa.

Daga nan sai cron, manhajar da ke tayar da aiki a kan lokaci. Gurbi biyar gare ta: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Don gwaji na sa ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, na zauna ina jira. Lokaci ya yi, ya wuce, shiru. Na tafi sallar azahar, na ci shinkafa da wake a bakin layi, raina duk yana wurin. Da na dawo na duba agogon kwamfutar, ashe a kan UTC, wato agogon GMT, aka bar shi, mu kuma awa ɗaya muke gaba. Da ban gano ba, aikin turawa da nake so ya riƙa tashi biyar da rabi na yamma zai riƙa tashi shida da rabi, bayan an kashe komai an ja ƙofa. Na mayar da shi agogon Najeriya, wato Africa/Lagos, da manhajar timedatectl, na sake tayar da cron.

Gwaji na biyu ya tashi amma ya faɗi. Kundin aikin ya nuna dalili: da asusuna na amince da zanen yatsan, alhali cron da asusun turawa yake aiki, shi kuma bai taɓa ganin sabar ba. Na gyara. Na kuma rubuta cikakken adireshin kowace manhaja a cikin umarnin, saboda cron ba ya ganin duk abin da mutum yake gani idan ya shiga da kansa.

Wajen la'asar aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto kwamfutar ta mutu. Wannan ya tuna mini cewa cron ba ya rama aiki. Idan lokacin ya wuce kwamfuta tana kashe, shi ke nan sai gobe. Don haka na sake tsara umarnin ya riƙa tura duk fayil ɗin da bai tafi ba, na ƙara masa tashi na biyu da ƙarfe tara da rabi na safe. Fayil kuma yana tafiya da sunan wucin gadi, sai ya isa duka sannan a sauya masa suna, don kada intanet ta yanke akantan Alhaji ya ɗauki rabi ya zaci cikakke ne. A saba na sa wani ƙaramin aiki da zai duba ƙarfe takwas na dare, idan babu fayil ɗin ranar ya turo mini imel.

Biyar da rabi muna tsaye ni da Alhaji da babban yaronsa, na cire hannuna daga kwamfutar. Sai ga fayil ya bayyana a saba. Na gwada lambar SHA-256, wadda ke sauyawa idan fayil ya sauya ko kaɗan, ta nan da ta can, iri ɗaya. Alhaji ya ce, "Allah ya yi albarka." Kafin na fito na goge tsohon umarnin, na soke tsohuwar kalmar sirri, na rufe ƙofa ta 21 da FTP yake bi.

Ƙarfe takwas ta wuce yanzu, babu imel. Gobe in Allah ya kai mu sauran shago biyu, kowanne da nasa makullin da tasa jakar.