Abin da iyaye ke koya wa juna bayan an dawo daga asibiti

Likitar gashin ƙashi takan ga 'yata na ɗan lokaci, ta nuna min yadda zan miƙar mata da ƙafafu, ta ba ni ranar dawowa. Daga nan sai doguwar hanya zuwa gida, sauran kwanakin watan kuma ni ce likita, ni ce mai jinya. Duk uwar da ke zaune nesa da gari da yaro mai lalura ta san wannan. 'Yata tana da raunin ƙwaƙwalwa da ke hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa. Shawara ce ta yi mata tsanani a makon farko bayan haihuwa. A cikin ƙungiyarmu ta iyayen yara masu lalura akwai wanda naƙuda ta yi tsawo bai yi kuka da wuri ba, akwai wadda sanƙarau ya bari ba ta ji, akwai masu farfaɗiya.

Abu mafi amfani da na samu a wurin iyayen nan shi ne ciyarwa. 'Yata takan ƙware, ta yi ta tari, abinci ya dawo ta hanci. Wata uwa da ta girme ni, ɗanta ya kai shekara goma sha, ta karɓe ta ta zaunar da ita a cinya, bayanta a miƙe, ta tallafe ƙeyarta har haɓarta ta ɗan sunkuyo. Ta ɗebo kaɗan a bakin cokali, ta kawo shi daga ƙasa, ta jira. Na ce, “Yaya, ai ba za ta ƙoshi ba.” Ta ce, “Ƙanwata, bari ki ga maƙogwaronta ya motsa tukuna. In kika kwantar da ita kina ɗura mata, huhu yake tafiya.” Daga baya ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar min: abincin da ke zarcewa huhu yana kawo nimoniya, kuma mai ɗan kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yara da yawa irin tawa. Ana iya rubuta wannan a takarda, amma ni sai da na ga hannunta a ƙeyar 'yata na gane.

Haka muke koya wa sababbin zuwa batun farfaɗiya. A kwantar da yaro ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, a nufi asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Shi ya sa muka yi wa kanmu doka: babu mai cewa wata ta rage ƙwaya ko ta daina, babu mai ba wata maganin ɗanta. Wannan na likita ne.

Ba mu muka fara ba. UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Masu bincike na makarantar kiwon lafiya ta Landan, LSHTM, sun tsara darussan da iyaye ke bi a ƙungiya, an kuma gwada su a Gana. Amma a ƙauye uwa takan ɗauka ita kaɗai ce, don kowa ya ɓoye nasa a ɗaki saboda bakin mutane. Ranar da wata ta fara zuwa, sau da yawa ba ta cewa komai. Kallon yaranmu take yi. Sai a zama na gaba ta ce surukarta ta ɗora mata laifi, kuma ba wadda ta yi mamaki.

Inda raina yake ɓaci shi ne maza. Uba ɗaya ne yake zuwa a kai a kai, shi ya haɗa wa ɗansa kujerar kusurwa, mai tallafe yaro ya zauna a miƙe, da katako, ya kuma yi wa wasu. Yaranmu suna girma, suna nauyi, bayanmu ya fara ciwo. A zama mai zuwa mun roƙi ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana yadda ake ɗaga babban yaro, kuma kowace an ce ta zo da mijinta ko ɗan'uwanta.