Tsohuwar Kideksha

Yau abokin karatuna ya ja ni muka je Kideksha, wani ɗan ƙauye a bakin kogin Nerl, kilomita 4 kacal daga garin Suzdal na ƙasar Rasha. Gidajen katako 'yan kaɗan, gari tsit, sai haushin kare jefi-jefi. Amma nan cocin Boris da Gleb take, ta farin dutse, wadda Yuri Dolgoruki ya gina a 1152, shi ɗin nan da ake cewa ya kafa Mosko. Mayaƙan Mongol sun far wa wurin a 1238, ga ta dai har yau a tsaye. Hasumiyar ƙararrawar kuwa ta karkace, wallahi sai da na ja da baya.

Ina shafa bangon, sanyi na ratsa yatsuna, sai wata tsohuwa ta ajiye tsintsiyarta ta matso. "Ɗana, wannan ta sarakuna ce," in ji ta, tana nufin cocin ta farin dutse, sannan ta nuna min ƙaramar cocin da ke gefe, ta 1780, wadda aka gina don a riƙa ɗumama ta lokacin hunturu. A can aka yi wa kakarta baftisma. 'Ya'yanta duk sun koma birni, sai da rani suke leƙowa su kwashi kokwamba su tafi. Ta yi dariya, haƙoran gaba babu, ta koma shararta. Har muka hau mota ina ta tunanin wa zai ɗauki tsintsiyar nan ranar da ta kwanta dama.