Foldar da ta ƙi goguwa, da abin da na tarar a ƙarƙashinta

Sati biyu kenan da faruwar abin nan amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, shi ya sa nace bari in rubuta, musamman saboda 'yan uwana masu aikin hoto da bidiyon biki a garin nan, don na san da yawanmu irin laftof ɗin da muke aiki da ita kenan, tokumbo, batir ya daɗe da mutuwa, in ka zare caja ta ɗauke nan take.

Ranar wata Lahadi ce da daddare na dawo daga ɗaukar kamu, na zauna a ɗan shagona da ke Kabuga ina kwashe bidiyon daga memori zuwa kwamfuta, wajen giga 40, ya kai kusan rabi kawai aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu ɗif. Ban damu ba tunda memorin yana nan ban taɓa shi ba. Washegari na tada janareta na sake kwafa a sabuwar folda lafiya lau, sai nace to bari in goge waccan rabin ta jiya da ke cin waje a banza. Na danna dilit, ta ɗan yi jim, sai ga saƙo wai fayil ɗin ko foldar ta lalace ba ta karantuwa, da lamba 0x80070570. Na sake, haka. Na gwada canza mata suna ta ƙi, in ja ta zuwa wani waje ta ƙi. A karo na huɗu maus ma ya daina motsi, can bayan kamar minti biyu allon ya koma shuɗi da rubutun NTFS_FILE_SYSTEM, ta mutu ta tashi da kanta.

Daga nan fa abin ya zama kullum. Ko ban je kusa da foldar ba, ina tsaka da yanka bidiyo sai komai ya sandare, 'yar fitilar had disk ta kunnu ta ƙi mutuwa, wani lokaci ta dawo hayyacinta wani lokaci sai shuɗin allo. Ga Hajiya uwar amarya tana kira, "yaro ina bidiyon namu, dangi na Kaduna za su koma", ni kuma ina cewa "ki yi haƙuri Hajiya, in sha Allahu cikin satin nan", alhali ko minti ashirin ba na samu ba tare da ta tsaya ba.

Duk wanda na faɗa wa amsa ɗaya ce, bayros ne, a yi mata fomatin. Wani mai gyara da na kai wa ko kunna ta bai yi ba yace in bar ta in dawo bayan la'asar ya sa min sabon Windows. Wannan ɗabi'ar tana damuna wallahi, kamar mutum ne ya zo da ciwon ciki kafin a tambaye shi me ya ci a ce a yi masa aiki. A cikin kwamfutar nan akwai aikin shekara uku, bukukuwa, suna, saukar Alƙur'ani, da biki biyu da ban riga na miƙa wa masu su ba, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Na ɗauko abata na dawo.

Da daddare na zauna da waya ina bin abubuwan da aka sani suna hana folda goguwa. Akwai in wata manhaja tana riƙe da fayil a ciki, wannan in ka kashe ka kunna ko ka shiga Safe Mode, wato ka tada Windows ba tare da sauran manhajoji sun tashi ba, shikenan, na shiga, ta ƙi. Akwai in hanyar foldar ta yi tsawo da yawa, folda cikin folda cikin folda har ta wuce haruffa 260 da Windows ta saba tsayawa a kai, tawa gajera ce. Akwai kuma suna mai matsala, wanda ya ƙare da ɗigo ko sarari, ko sunayen da aka keɓe tun zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, irin su CON da PRN da NUL, wanda maganinsu shi ne ka buɗe cmd, baƙin allon nan da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta rd /s /q sannan hanyar foldar da \\?\ a gabanta. Na gwada wannan ma duk da sunan tawa ba shi da komai, cmd ɗin ya tsaya cak, kwamfuta ta sake faɗuwa. Yanzu da na fahimci abin na san kowane gwaji irin wannan ƙara wa ciwon gishiri nake yi.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijon injiniya ne, abokin yayana, da ke gyaran kwamfuta tun ina firamare. Na same shi a gida bayan isha'i, ya kunna, bai taɓa foldar ba sam, ya buɗe Event Viewer, wato littafin da Windows ke rubuta duk abin da ya same ta, ya shiga ɓangaren System. Jan rubutu da rawaya sun cika wajen, mai lamba 7 daga disk yana cewa akwai wajen da ya lalace a jikin faifan, da mai lamba 55 daga Ntfs yana cewa tsarin fayiloli ya ɓaci, a jere, kuma lokutan sun yi daidai da duk sanda ta faɗi. Ya juyo yace "ƙanena, kwamfutar nan ai tun ranar farko take gaya maka abin da ke damunta. Ba foldar ce ke ƙin tafiya ba, ƙasar da take zaune a kai ce ta rufta."

Yadda ya yi min bayani, had disk irin na da faifai ne ke juyawa a ciki, galibi na laftof sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu da ke karatu da rubutu a samansa. Wuta ta ɗauke yana tsaka da rubutu, to rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake ta tsaya rabi da rabi, ga shi dama faifan ya tsufa yana da raunuka. Duk sanda aka zo karanta wajen sai ya yi ta maimaitawa ya kasa, komai ya tsaya jiransa. Nace "to Oga ai ko ban buɗe foldar ba tana faɗuwa", yace ai ba kai kaɗai ke shiga ba, antibayros na zagayawa yana dubawa, mai tattara sunayen fayiloli don bincike na bi, mai haɗa ƙananan hotunan bidiyo na bi, duk wanda ya taka wajen sai ya faɗa. Kuma abin da ban taɓa tunani ba, C inda Windows take da D inda foldar take, da nake gani kamar abu biyu, faifai ɗaya ne aka raba, don haka da an sa min sabon Windows a C ciwon yana nan a D, in ma an yi fomatin na gaggawa gaba ɗaya to shi ba ya duba lalatattun wurare, a ɗan samu lafiya na kwana biyu ne ya dawo, aikina kuma ya tafi.

Ni na ɗauka chkdsk, umarnin Windows na dubawa da gyara faifai, za mu fara yi tunda shi kowa ke faɗa, yace a'a, tukunna, faifan da ke kan gargara ba a sa shi aikin wahala sai an kwashe kaya. Ya ɗauko fulash mai Ubuntu, wani tsari ne daban da Windows, ya tada kwamfutar da shi ba tare da an sa komai a ciki ba, muka jona had disk na waje da na aro wajen yayana, muka fara da abin da ya fi muhimmanci, bikin nan biyu da na Hajiya, sannan sauran shekara-shekara, muka tsallake foldar nan ko kallonta ba mu yi ba. Muna nan har wajen ƙarfe biyu na dare, da inbata, kowane minti ina kallon layin nan yana tafiya ina addu'a. Fayil uku ne suka ƙi kwafuwa.

Sai da safe ya koma Windows ya rubuta chkdsk D: /f, ya ɗauki lokaci yana gyara rajistar, ya tattara ɓaraguzan da ya tsinto a wata ɓoyayyiyar folda found.000. Bayan nan na danna dilit sau ɗaya, foldar da ta hana ni barci kwana biyar ta tafi kamar ba ita ba. Na yi murna har na fara naɗe caja, sai ya buɗe wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo ya nuna min lafiyar faifan a rawaya, da adadin wuraren da ya riga ya sauya wa mazauni da waɗanda ke jiran a sauya. Yace wannan adadin in ya fara hawa ba a ƙara yarda da faifan, kar in sake ɗora masa amanar mutane.

Ranar na hau adaidaita na tafi Beirut Road na sayo SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ba shi da faifai mai juyawa, mai giga 512 da sabon batir, kuɗin ya taɓa ni sosai a wannan yanayin da ake ciki amma ban yi ciniki da raina ba. Bidiyon Hajiya na kai mata ranar Asabar, dangin Kaduna sun riga sun tafi sai ta waya aka tura musu.

Fayil ukun nan da suka ƙi fita, biyu hotunan gwaji ne marasa amfani. Na ukun bidiyon raɗin suna ne na bara, wajen da kakan jaririn ke yin addu'a, kuma na ji labarin tsohon ya rasu da azumin da ya wuce. Na kira uban yaron na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, na tambaye shi ko kwafin da na ba su a fulash yana nan, yace bari ya tambayi maiɗakinsa. Jiya ya kira yace an same shi a cikin durowa, kuma yana buɗewa, na roƙe shi ya kawo min in kwafa a waje biyu, yace zai biyo da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.